Bijimin da Ban Yanka Ba

Ni fa ba na son a yi mini aikina ban roƙa ba. A shagon naman kawuna, ni ke yanka. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babana, shi ya damƙa mini wuƙa, kuma a ɗakin bayan gidansa nake zaune da matata, ga ta da tsohon ciki. Masu saye sun saba, kafin a ɗora nama a sikeli sai su leƙo su ce, "Mai-wuƙa, kai ka yanka?" In na ce e, magana ta ƙare.

Ran nan na iso da safe na tarar har an feɗe jan bijimin da muka ɗaure a bayan shago, cinyoyi na rataye a ƙugiya. Bijimin nan kuwa tun jiya ban yarda da shi ba. Ya ƙi taɓa ciyawa, sai numfashi yake sama-sama.

"Kawu, wa ya yanka?"

"Ni. Na tarar yana shure-shure, na yi maza na sa masa wuƙa. Ko in jira ka gama barcinka ya mutu?"

Na ce a'a, na zaga baya. Duk dabbar da aka yanka da ranta, jini sai ya yi tsalle ya fesa wa bango, magudana ta cika. Bango tas. Siminti ma an wanke shi ƙal, wai Kawun da ban taɓa ganin tsintsiya a hannunsa ba. Na nemi kan don in duba wuyan, babu.

"Kawu, ina kan?"

"An saya."

"Da sassafen nan?"

"Yaushe ka zama ɗan sanda?"

Na koma tebur. Naman ya yi duhu, hanta ta kumbura, ina dannawa jini na tsattsafowa. Alamun mushe ke nan. Amma dabbar da ta galabaita ma ba ta zubar da jini sosai, wannan na sani. To in da gaske ya riske shi da rai fa? In ɗora wa mutumin da ya rene ni sayar da mushe, ba shaida? Wallahi tsoro ya kama ni. Ina tsoron Kawu, ina tsoron inda zan kai mai ciki, ina kuma tsoron ranar da za a tambaye ni abin da na sa mutane suka ci da bakina.

Ana haka sai ga mai gidan abincin bakin tasha da bahonta, ita ce babbar mai sayenmu.

"Mai-wuƙa, kai ka yanka?"

Kawu ya daina wasa wuƙa. Kalma ɗaya ce, kullum ina faɗinta ba tare da na ji nauyinta ba. Na ce a raina, ya Allah, ka ga halin da nake ciki.

"Ba ni na yanka ba, Uwar ɗaki. Ban kuma ga yankan ba."

"Amma dai ka yarda da shi?"

"Zuciyata ba ta kwanta ba. Ni dai ba zan ci ba."

Ta dube ni, ta dubi Kawu, ta ɗauki bahonta. Waɗanda ke bayanta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Kawu bai ɗaga murya ba. "Tattara wuƙaƙenka. Ɗakin nan ma ina da bukatarsa."

Ina naɗe wuƙaƙe a tsumma, har lokacin ban san ko na zalunce shi ba. Sai ga matar Kawu da kwanonta, ta zo ɗaukar naman gida kamar kullum. Ta nuna cinya ta ce a yanko mata nan.

"Je ki shagon gaba ki sayo," in ji Kawu.

"In sayo? Ga nama har ƙugiya na lanƙwasa?"

"Na ce ki bar wannan."

Muka haɗa ido da shi, ya sunkuyar da kai. Na sa wuƙaƙena a hammata, na nufi gida in gaya wa matata ta fara haɗa kaya.