Ɗan tauraron Baƙin Allo

Mijin 'yar ƙanena, ni Baƙin Allo nake ce masa. Kowa yana taɓa kwamfuta mai hotuna da launi, shi kuwa sai ya buɗe wani allo baƙi ƙirin, ya yi ta zuba ƙananan rubutu kamar tururuwa, hanci a sama.

Ƙanena tsohon direba ne. Abin da ya tara a duniya bai wuce waƙoƙinsa da shago ɗaya a ƙofar gida ba. Shagon nan Baƙin Allo yake so, wai zai buɗe wurin gyaran waya. Tun da aka ce ɗan haya zai tashi gaisuwarsa ta ƙara tsawo, har ni ya fara durƙusa wa.

Ran nan ƙanena ya yi ƙorafin rediyon motarsa ya ƙi waƙoƙin, wai sai MP3 yake karɓa, nasa kuma wani iri ne daban.

"Baba, wannan ai ba aiki ba ne," in ji Baƙin Allo. "Waɗanda ba su iya ba ne ke juya su ɗaya-ɗaya. Ni layi guda zan rubuta, duk su juye."

Ya kwashe waƙoƙin ya zuba a tasa kwamfutar, wurin da yake tara duk abin da ke da sauti. Ya rubuta layinsa, ya sa wata alama, ɗan tauraro, ya ce ma'anarsa kowa da kowa. Ya danna, ya harɗe ƙafa, rubutu na ta gudu.

Na ce, "Ɗan nan, ba ka saurara ka ji abin da ka juya?"

"Gwaggo, wa ke da wannan lokacin?"

Washegari ƙanena zai kai ni a duba min gwiwa, ya ce surukin nasa ya shigo su yi maganar shago a hanya. Ni da matar Baƙin Allo muna baya. Aka soka filashin da ya zuba waƙoƙin a ciki, waƙa ta tashi tas, ƙanena har da buga sitiyari. Baƙin Allo ya kumbura ya cika kujera.

Waƙa ta ƙare, sai muka ji gyaran murya. Muryar Baƙin Allo ce. Ashe saƙonnin murya da ya kwafo daga wayarsa suna wurin, tauraro kuwa bai bar kowa ba.

"Abokina, tsohon nan yabo kawai yake so. Ka yabi akwalar motarsa, shi ke nan. Da shago ya shigo hannuna, gaisuwa ma sai ta waya. Yayarsa ce matsala, tsohuwar nan mai baki kamar lasifika."

Ya kai hannu zai kashe, ƙanena ya riƙe hannun.

"Bari ya ƙare. Ai aikinka ya yi kyau, ko ƙara babu."

Na ce, "A ɗan ƙaro sauti, kunnen lasifikar ya tsufa."

"Baba, wasa ne..."

Matarsa ta juya fuska ga taga. Da muka kai mahaɗar titi, ƙanena ya tsaya, ya miƙa hannu ya buɗe masa ƙofa.

"Sauka nan. In ka isa gida ka gaishe ni ta waya."

Wani tela ne a shagon yanzu, mutumin kirki, keken ɗinkinsa ma na ƙafa ne. Ni dai ban faɗa wa kowa ba, sai mai kitso da matar mai nama, su ma don sun ga ina dariya ni kaɗai ne suka tambaya.