Goyon Babilas

Ni da Babilas ba mu taɓa jituwa ba, duk layinmu a Antakiya an san haka. Ni Malkos mahauci, ɗan ƙungiyar Shuɗi ne tun daga kakana. Shi kuwa masaƙi ne, siriri kamar kara, ɗan Tsanwa har cikin ɓargo. Ranar tseren karusa, in dawakin Shuɗi suka ci, sai in tsaya a ƙofar shagonsa in yi ta waƙa har ya jefo ni da ƙoshiya. In na Tsanwa suka ci, wayyo ni, ba na sakat a layin nan. Matarsa Domnina takan leƙo ta ce, "Tsofaffin banza! Ku ji kunyar furfurarku mana."

Da Farisawa suka kewaye garin, har da mu biyu a kan ganuwa, muna yi musu gwalo muna zagin sarkinsu. Bakin mutanen Antakiya ai ba ya mutuwa. Ranar da Farisawan suka hawo ta wajen dutse, katakon da sojojinmu suke tsaye a kai ya karye, suka zaci ganuwa ce ta faɗi. Sai sojojin namu suka haye dawakai suka nufi ƙofar Dafni, suna bi ta kan mata da yara. A nan aka tattake matata Tekla. Samarin Shuɗi da na Tsanwa, waɗanda jiya-jiya suke fasa wa juna kai, su ne suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna jifa da duwatsu. Sarjis, ɗan Babilas tilo, yana cikinsu, a nan aka kashe shi. Uban ya je janyo gawarsa, aka soke shi da mashi a cinya.

Farisawa suka kwashe abin da za su kwasa, suka cinna wa sauran wuta, suka koro mu gabas kamar awaki. Wanda ya kasa tafiya, a nan ake gamawa da shi. Babilas ya yi ɗingishi ya faɗi. Domnina ta dube ni. Na durƙusa.

"Ni? In hau bayan ɗan Shuɗi?" in ji shi. "Gara a kashe ni."

"Hau dalla, kada ka ɓata mini lokaci. Na saɓi sa guda a kafaɗar nan, balle kai da iska ke ɗauka."

Ya hau, yana ta mita wai ina ƙarnin nama.

Kullum ana mutuwa a hanya. In an yada zango, sai mu tona rami da fasasshen tulu, mu kwantar da mutum fuskarsa na duban gabas, wani tsohon firist, limamin coci, da ke cikinmu ya yi addu'a, mu rufe. Sojojin sukan ja da baya, su toshe hanci, su tofar da yawu, amma ba sa hanawa. Wani falke da ya san Farisa shi ya faɗa mana dalili. Ya ce, "Nan ƙasar Rum ce, ba ruwansu. Da mun wuce garin Dara mun taka tasu, an gama. Su Majusawa ne, a wurinsu ƙasa tsarki gare ta, ba a sa mata gawa. Kan dutse ake ɗorawa, ungulu da karnuka su yi sauran aikin."

Babilas ya ji. Ƙafarsa kuwa ta riga ta kumbura ta yi baƙi, duk mun san inda za ta kai shi. Washegari muna tafe ya matso da bakinsa kunnena.

"Malkos."

"Mene ne kuma?"

"Ni ban ƙi mutuwa ba. Amma ranar tashin matattu, a cikin wace ungulu za a nemo ni? Sarjis zai tashi ya duba, babu ubansa. Don Allah ku sa ni a ƙasa."

Tun daga ranar ya daina ci. So yake ya mutu kafin iyaka. Domnina ta jiƙa gurasa ta kai bakinsa, ya datse haƙora. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. "Baban Sarjis, an ɗauke mini ɗa, an ƙone mini gida, kai ma sai ka gudu ka bar ni? Wa zan sani a can?" Ya kau da kai. Sai ta jawo ni gefe ta ce, "Maƙwabci, kai kaɗai ka iya da shi. Ka tsokane shi."

Wannan kam aikina ne. Na ce, "Dama haka 'yan Tsanwa suke, tun ba a sha kwanar farko ba sun saki linzami."

Ya buɗe ido. "Mu? Mu ne muke sakin linzami? Kai, matuƙinku mai ƙaton ciki fa, wanda ya kife a gaban gwamna?"

"An sa masa ƙafa ne."

"Ƙarya kake, mahaucin jakai! Ba ni gurasar nan, mace, in sami ƙarfin amsa wa wannan."

Ya ci. Haka muka yi ta yi, yau ya ƙi, gobe in zage shi ya ci. Domnina tana murna, shi kuwa in hankalinsa ya dawo sai ya tambayi falken nan ko Dara ta kusa.

A zango na ƙarshe a ƙasar Rum, da rana tsaka, muka kwantar da shi a inuwar wani ɓaure. Baƙin ya hau har cikinsa, idanunsa sun faɗa. Domnina ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ajiye gorar ruwan, ta ɗora kansa a cinyarta.

"Baban Sarjis, in za ka tafi, tafi yanzu. Na sake ka. Ka gaishe mini da yaron."

Ni kuwa na kama haƙa. Ban taɓa yi wa wani aiki da zuciya ɗaya haka ba, rami mai kyau, mai zurfi. Firist ya zo ya yi masa addu'a. Babilas ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya rufe ido, muka zauna jira. Can sai ya buɗe ido ɗaya.

"Ta ƙi zuwa."

"Ɗan Tsanwa ke nan," na ce. "Ko a mutuwa sai kun zo na baya."

Ya yi dariya, hawaye na bin kuncinsa. Aka busa ƙaho. Wata mata ta zo da gawar 'yarta a hannu ta roƙi ramin, muka ba ta. Na durƙusa, Domnina ta ɗora mini shi.

Da la'asar, mun riga mun wuce Dara, ana hango tsaunukan Rum a bayanmu, numfashin da ke busa mini wuya ya tsaya. Mahauci ya san nauyin abin da rai ya bari. Na dubi Domnina, ita ma ta gani. Ba ta yi kuka ba. Ta warware ɗamararta ta ɗaure shi a jikina, ta ja mayafinsa ta rufe masa fuska kamar mai tare rana.

"An ce akwai ƙauyen Kirista a gaba," ta raɗa mini. "Ko za su karɓe shi a ɓoye. Ci gaba da zaginsa, kada su gane."

Na buɗe baki da ƙarfi. Na zagi dawakinsu, na zagi matuƙansu, na zagi saƙarsa, na ce zanen da ya sayar wa Tekla wanki ɗaya ya yage. Nakan yi shiru daidai inda ya saba amsawa, sai in ce, "Af, ka rasa ta cewa ko?" Domnina tana gefe tana cewa, "Ku ji kunya mana, tsofaffin banza." Na binne uwa na binne uba, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na yinin nan ba. Ina zagi ina kuka, sojoji suna dariya, sun ɗauka rana ce ta taɓa ni.

Washegari zafi ya tsananta, ƙudaje suka yi mana caa, ƙauyen kuwa ko alamarsa. Wani karen sojoji ya zo ya tsaya a gabana, ya kafa wa Babilas ido, ya ƙi motsi. Sojan da ke kusa ya ɗaga mayafin da tsinin mashi, ya ƙwalla ƙara. Nan take suka watse daga jikinmu kamar mun kama da wuta. Limaminsu na wuta ya zo da ƙyalle a baki, ya tsaya daga nesa, ya nuna wani falalen dutse a kan tudu.

Na roƙe su. Na durƙusa da gawa a bayana ina nuna ƙasa, ina nuna sama, ni Malkos da ban taɓa roƙon kowa ba. Mashi suka sa mini a haƙarƙari har na kai shi kan dutsen na kwantar. Suka jefo mini igiya daga nesa suka zarge hannuwana, don babu mai yarda ya taɓa ni tunda na goyi gawa.

Domnina ta hau dutsen ta rungume mijinta. Suka daka mata tsawa, ko gezau. Janyo ta ba ya yiwuwa sai an taɓa ta. Wani ya ɗaga mashi, babbansu ya hana, da alama ba ya son gawa ta zama biyu. Tsohuwa ce, ba ta da wani amfani a wurinsu. Aka busa ƙaho.

"Uwar Sarjis!" na yi ihu. "Taso! Babu ruwa a nan, babu kowa!"

"Je ka, maƙwabci," ta ce. "Ka yi naka. Allah ya saka maka."

Aka fizgi igiyar. Ina tafe ina waiwaye, ungulu sun fara kewaya sama. Ganina na ƙarshe da ita, ta sauko gindin dutsen tana durƙushe, hannu ɗaya yana kaɗa mayafi sama, ɗayan yana tonon ƙasa. Ƙasar wurin tauri gare ta, duk tsakuwa ce, ita kuwa ko tulu ba ta iya ɗagawa ita kaɗai. Hannuwan da za su iya wannan haƙa suna jikina, a ɗaure, ana jan su gabas.