Wasiƙun da Alƙali Ya Tsare

Alƙali ya daɗe da yin ritaya, amma ba wanda ya iya cire masa sunan, shi ma kuma bai taɓa neman a cire ba. Ko a gida haka yake zama, baya a miƙe, tabarau a kan karan hanci. In aka tambaye shi ko a ƙara masa sukari a shayi, sai ya yi shiru tukuna kamar zai duba abin da doka ta tanada. Matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta duk suke kira Mama, takan ce ita kaɗai ce aka yanke wa zaman kotu na har abada, kuma ba ta neman beli.

Mutumin kirki ne, kada a yi masa ƙarya. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya ba da haƙuri ba. In ya ɓata wa mutum rai, sai dai ya saya masa wani abu ko ya rubuta masa takarda, amma ya buɗe baki ya ce a yafe masa, gara a sa shi ɗaukar buhun siminti.

Autarsu likita ce. Da ta samu aiki a wani asibiti mai nisa, inda sai an hau jirgi ake zuwa, ya ce ba inda za ta, ga asibitoci nan birjik a gari. Ta ce ta riga ta karɓi aikin. Ya ce ashe ba shawara ta kawo ba, sanarwa ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da ta gada a wurinsa shi ta juyo masa da shi. Da magana ta yi zafi, sai ya faɗi abin da tun bai rufe baki ba ya so a ce bai faɗa ba: ta tafi, amma kada ta jira ya sa mata albarka a kan abin da bai yarda da shi ba.

Duk da haka, da safen ranar tafiyarta, idanunta a kumbure, Auta ta shiga ɗan ɗakin karatunsa ta zauna gaban kwamfuta. Ta daɗe da yi masa alkawarin sa masa manhajar imel, don ya huta da ɓacewa a shafukan intanet masu cike da talla. Ta sa manhajar, ta shigar da adireshinsa, ta ƙara girman rubutu saboda idonsa. Ta rubuta masa sa hannun da zai riƙa fitowa da kansa a ƙarshen kowane saƙo. Jerin akwatunan da ke gefen hagu ta naɗe su a ƙarƙashin wata 'yar kibiya don kada su ruɗa shi, ta bar biyu kawai a fili: akwatin saƙonni masu shigowa, da wani sabo da ta sa wa suna Auta. Ta tsara cewa duk saƙon da ya fito daga wurinta ya wuce can kai tsaye, kuma kwamfutar ta yi ƙarar 'yar ƙararrawa.

Shi kuwa yana tsaye a bakin kantar littattafai, yana neman littafin da bai ɓata ba. Da ta gama, allon ta kalla, ba shi ba, ta ce, "Baba, duk akwatin da ya fito yana tambayarka kalmar sirri, kada ka rubuta komai. Rufe shi kawai. Haka ɓarayi suke yi."

Ya ce ya ji. Bai raka ta filin jirgi ba. Ta taga ya leƙa, har motar ta sha kwana a gaban shagon mai gyaran taya.

Ba a yi sati ba ya zauna ya rubuta mata. Da yatsa biyu yake buga haruffa, don haka safiya guda ta tafi a kan saƙon. Ya ce mata tsoro ne ya yi magana da bakinsa, tsoron gidan da ba motsinta a ciki. Ya ce ya janye abin da ya faɗa, Allah ya yi mata albarka a duk inda ta sa ƙafa. Ya karanta sau biyu, ya gyara waƙafi, ya danna aika. Saƙon ya ɓace daga allo, sai ga wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri.

Alƙali ya yi murmushi. Ashe har sun zo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ya rufe akwatin, ya tashi da sauƙin zuciya, har ya yabi shayin Mama ba a tambaye shi ba.

Daga nan jira ya fara. Kullum bayan karin kumallo yakan kunna kwamfuta, fankar rufi na ta ƙiiƙii a kansa, ya zuba wa akwatin Auta ido. Saƙonni kam suna shigowa ɗaya akwatin: sanarwar ƙungiyar tsofaffin alƙalai, gayyatar ɗaurin aure, tallan maganin ciwon gwiwa da bai san wanda ya gaya musu yana da shi ba. Amma ƙararrawar ba ta taɓa kaɗawa ba. Har lasifikar ya duba, ya ƙara mata murya, ko ita ce ta lalace.

Ya yi mata uzuri, ya ce sabon wuri ne, aiki ya yi mata yawa. Ya sake rubutawa. Ya ba ta labarin kyanwar da ta haihu a bayan injin wanki, da yadda Mama ta hana a taɓa ɗakinta. Ya tambaye ta ko tana cin abinci a kan lokaci. Kowane saƙo, ɓarayin nan marasa zuciya sai sun leƙo, shi kuma sai ya rufe musu ƙofa a fuska.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne tana kiran uwarta. Yana jin su daga falo suna hira suna dariya, a ƙarshe Mama ta ɗaga murya ta ce Auta tana gaishe shi. Yakan ce yana amsawa, ya ci gaba da karatun jarida. Wato gaisuwar maƙwabci ita ta rage tsakaninsu ke nan. Ya zubar da girmansa a rubuce, ita kuma ta karanta ta share. Bai gaya wa Mama ya yi rubutu ba, don kunyar a san ya ba da haƙuri ba a karɓa ba ta fi ƙarfinsa. Mama kuwa ta yi ta yi da su biyun har ta gaji. In ta ce wa Auta ta kira ubanta, sai ta ce tana tsoron ta kira ya yi mata shiru. In ta ce masa ya karɓi waya, sai ya tuna yana da abin yi a ɗakin karatu.

Da watanni suka ja, saƙonnin suka sauya murya. Uban ya koma gefe, alƙalin ya hau kujera. Ya fara jera mata laifuffuka, yana kawo ranar da ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti tana ƙarama a matsayin hujja. Na ƙarshe gajere ne. Ya ce shiru ma amsa ce, ya fahimta, kuma daga yau ba zai ƙara damun ta da rubutu ba. Ya aika, ya rufe ɓarayi, ya kasa cin abincin rana. Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, kuma ya fara yarda cewa da bakinsa ya rasa 'yarsa.

Ana nan sai Mama ta je gwajin jini. Asibitin suka turo sakamakon ta adireshin Alƙali, tunda ita ba ta da nata. Auta ta ce a ɗauki hoton allon a tura mata, hoton ya fito dishi-dishi, ta ce a'a, a tura mata saƙon kansa daga kwamfutar. Haka Mama ta shigo ɗakin karatu da hantsi, waya a buɗe a tafin hannunta, muryar Auta na fita kowa na ji. Ta tsaya a kansa.

Ya nemo saƙon, ya sa adireshin da ya haddace kamar sunansa, ya danna. Akwatin ya fito, ya rufe shi da saurin mai kashe sauro.

Auta ta ce bai iso ba. Aka jira kaɗan, ta ce har yanzu. Mama ta tambaye shi mene ne wannan abin da ya kora.

"Ɓarayi ne," in ji shi. "Kullum sai sun zo."

Auta ta ji. Ta roƙi Mama ta sa a sake turawa, kuma in akwatin ya fito kada a taɓa shi, a karanta mata abin da ke jiki. Mama ta ari tabaraun mijinta daga kan hancinsa, ta karanta a hankali: manhajar tana neman kalmar sirri don ta iya fitar da saƙo.

Sannan Auta ta yi bayani, muryarta ta ragu. Ƙofa biyu manhajar take da su, ta shiga da ta fita, kowace da makullinta. Ranar da ta yi saitin hankalinta ba ya jikinta, ta adana kalmar a ƙofar shiga, ta manta ta fita. Ba ɓarayi ba ne, manhajar ce take roƙon a buɗe mata. Ta ce wa Mama ta danna 'yar kibiyar da ke gefen hagu, za ta ga wani akwati na saƙonni masu jiran fita.

Mama ta kama maus ɗin, wato linzamin kwamfutar, da hannu biyu, ta danna. Jerin ya warware.

"Akwai wani abu a ciki?" in ji Auta.

"Cike yake."

"Na waye?"

Mama ta bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa. Ta cire tabaraun, ta juyo ta kalli mijinta, wanda ya samu wani abin kallo a jikin fanka.

"Duk naki ne," ta ce. "Na farkon tun satin da kika tafi."

Daga titi ana jin mai gyaran taya yana buga ƙarfe. Alƙali ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, ashe ba share shi ta yi ba. Sai kuma ya tuna abin da ke ƙasan jerin, sanyin ya koma zufa. Ya miƙa hannu zai karɓi maus, yana cewa akwai waɗanda ke buƙatar gyara, wasu ma ba su da amfani yanzu.

Mama ta ɗora hannunta a kan nasa. Ta riga ta ga kan maganar na ƙarshen, kuma zaman shekaru ya sa ba ta buƙatar karanta sauran. Ta ce yau ta ga ikon Allah, alƙali ya yi zaman shari'a, ya yanke hukunci, alhali sammacin ma bai bar kotu ba.

"Baba," in ji Auta. Tun ranar tafiya ba ta yi masa magana kai tsaye ba. "Kada ka goge ko ɗaya. Nawa ne. Har na faɗan ina so."

"Akwai maganganun da ba su dace ba."

"Na san wanda ya haife ni."

Ya karɓi tabaraunsa. Auta ta faɗa masa kalmar harafi bayan harafi, yana bugawa da yatsa ɗaya, ta ce ya sa alama a ɗan murabba'in da ke ƙasa don manhajar ta riƙe ta. Kafin ya danna, sai da ya tambaya ko ta tabbata wannan ba ya cikin akwatunan da ta hana. Ta yi dariyar da ke haɗe da kuka, ta ce yau dai ta ɗage dokar.

Ya danna. Jerin ya fara raguwa daga sama, ɗaya bayan ɗaya, kuma ta cikin wayar suna jin wayar Auta tana ta ƙara a can. Ba a iya tare ko ɗaya yanzu. Aka kira ta wurin maras lafiya, ta ce sakamakon Mama lafiya lau yake, a rage gishiri kawai, ta kashe.

Yinin nan Alƙali bai bar ɗakin ba. Mama ta kawo abinci ta mayar. Ya buɗe saƙon ƙarshe ya sake karantawa, ya ji kunyar kowane layi. Ya lissafa cewa in ta fara daga ƙasa, to kashinsa ya bushe.

Rana ta yi sanyi, yana gyangyaɗi a kujera, sai ƙararrawa ta kaɗa. Da yake ya ƙure muryar lasifikar tun tuni, har kyanwa sai da ta zabura. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Saƙon ba shi da tsawo. Ta ce ta karanta na farko a tsaye a bakin ɗakin magani, sai da ta nemi wurin zama. Sauran za ta riƙa shan su ɗaya-ɗaya bayan cin abinci. Na ƙarshen ma ta leƙa, kuma ta ɗaukaka ƙara. Sannan ta ce albarkar da ya rubuta ta gani, ta gode, amma da kunnenta ta ji lokacin da aka hana ta.

Ya karanta har ƙasa. Ya jawo allon buga haruffa gabansa, ya ɗaga yatsunsa biyu, ya tsaya. Sai ya ture shi gefe, ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Ara mini wayarki," ya ce wa Mama.

Ta riga ta danna lambar tun kafin ta miƙa masa.