Hannun Malam Hashim

Gorar farko a kafaɗa ta sami Sadiƙ, ta biyu a gwiwa. Kafin Malam Hashim ya fice daga layin zaɓe ya tsallako titi, samarin sun riga sun danne yaron a bakin karofin Ƙofar Mata, buhun da ya ɗauko yana yashe a gefen kwata.

"Ɗalibina ne! Ku sake shi!"

Ko kallo bai samu ba. Zaɓen farko ke nan tun da sojoji suka ce za su koma bariki, kowane ɗan takara ya zuba yaransa a unguwa. Waɗannan Tanko ne babbansu, wani gajere mai tabon sara a goshi. Ya take wuyan hannun Sadiƙ da takalmi, ya ɗora wuƙa a gindin babban yatsansa.

"Jama'a ku gani! Tawada har cikin farce. Ƙuri'a nawa ka dangwala musu, ɗan iska? Yau yatsan nan ba zai kwana a jikinka ba."

Ba tawada ba ce, kuma Malam ne ya jawo. Shi ya tara 'yan aji biyar ya ce takarda kaɗai ba ta ciyar da kowa yanzu. Ya sa suka kafa ɗan kamfanin rini, ya roƙar musu aron rijiya ɗaya a karofi. Suka zuba baba da toka, suka yi ta jira. Ruwan bai tashi nuna ba sai jajiberin zaɓe. Sadiƙ, shugaban kamfanin, ya ce shi zai tsoma yadin farko ko da gari zai kama da wuta. Malam ya yaba masa a gaban aji. Safar hannu ta roba da ya saya musu kuwa mai araha ce, duk ta yage a yatsu.

"Rini ne," in ji Malam. "Ku buɗe buhun."

Wani ya farke buhun da wuƙa, ya haɗa da yadin. Jiƙaƙƙen shuɗi ya zubo ƙasa.

"Basaja ce," in ji Tanko. "Kai wane ne?"

"Malaminsa. Ni nake koya musu sana'ar."

"Miƙo hannunka."

Malam ya miƙa. Fes. Tun da aka fara rinin, daga nesa yake tsayawa da farar rigarsa yana nuni da biro.

"Malamin rini da hannu kamar na amarya! Mu za ka raina wa hankali?"

Gora ta sauka a bakin Malam. Ya ji haƙori ya motsa, jini ya cika masa baki. Marinan da za su shaide shi duk sun watse rumfunan zaɓensu, 'yan layi kuwa kowa ya kau da kai. Tanko ya danna wuƙar. Fata ta tsage.

"Wayyo Malam! Malam, da shi nake rubutu!"

Malam ya tashi da rarrafe, ya faɗa karofi a guje. Bai tsaya naɗe hannun riga ba. Ya durƙusa a bakin rijiyar yaran, ya zura hannunsa har gwiwa cikin ruwan mai wari, ya dawo yana ɗiga.

Samarin suka kwashe da dariya. Hannun kore ne shar.

"Ka gani? Ba iri ɗaya ba ne," in ji Tanko. "Ku riƙe min shi da kyau."

"Bari iska ta buge shi," in ji Malam.

"Ni za ka ba wa oda?"

"Ka jira. In bai juya ba, ga nawa, ka fara da shi."

A allo ya rubuta wa yara wannan juyin launin, daga littafi. Bai taɓa gani a fatarsa ba. Ya ɗaga hannun a gaban fuskar Tanko. Wani ya ƙara masa gora a gadon baya, bai sauke ba. Koren ya fara dusashewa daga gefen farce. Ya yi duhu. Ya bi yatsu, ya haura tafi, har ya koma launin yatsan da ke ƙarƙashin wuƙa.

Tanko ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ɗage ƙafarsa, ya zuba wa Sadiƙ ita a haƙarƙari.

"Gobe ka sa safar kirki."

Suka wuce suna buga gora a ƙasa.

A kemis ɗin bayan layi aka ɗinke yatsan. Mai kemis ya ce ya motsa, ya motsa. Sadiƙ yana haƙi ya ce, "Malam, sauran yadin yana can. In aka bar shi wani zai ɗauke."

"Kwanta."

Malam ya koma layi da kumburarren baki. Shekarunsa nawa yana jiran wannan rana. Da ya iso gaban tebur, ma'aikaciyar zaɓe ta kama babban yatsansa, ta juya shi.

"Haba Malam, da girmanka? Ai ka riga ka yi."

Ya mayar da katinsa aljihu, ya naɗe ɗaya hannun rigar, ya tsallaka titi ya shiga karofi.