Kyanwar Malam Zailani

Malam Zailani mai gyaran rediyo ne a Doguwa, kuma a bayan shagonsa ya tsinci kyanwar tun tana 'yar ƙanƙanuwa, ruwan sama ya yi mata duka. Ya sa ta a aljihun babbar riga ya kai ta gida, ya raɗa mata suna Delu. Matarsa Hasana ba ta yi maraba da ita ba. Ta ce gashi ne kawai za su riƙa gani a cikin miya. Shekaru suka shuɗe a haka: Delu tana tarar maigida a zaure, tana kwanciya a kan ƙafarsa, Hasana kuwa tsakaninta da ita sai tsintsiya.

Bana da damina ta yi tsakiya, Delu ta fara atishawa. Idanunta suka cika da kwantsa, hancinta ya toshe, ta daina cin abinci. Zailani ya ɗauko farasitamol zai jiƙa mata, sai Hasana ta ce, "Malam, maganin mutum ne fa. Gobe kasuwar Tudun Wada, ka kai ta a duba mana."

Washegari ya sa ta a kwali, ya huda masa ƙofofin iska, ya ɗaure a bayan babur. Likitar dabbobin da ya samu, wata mata ce mai suna Ummulkhairi. Ta buɗe bakin kyanwar, ta duba idanu, ta ce murar kyanwoyi ce.

"Me ka ba ta a gida?"

"Ban ba ta komai ba. Na dai so in ba ta farasitamol."

"Allah ya taimake ka, Malam. Wannan maganin kashe kyanwa yake yi, ko ɗan ɓantare ne."

Ta ce ya riƙe ta sosai za a yi mata allura. Ya danne ta a kan tebur tana kuka tana kallonsa. Aka haɗa shi da maganin ɗigawa a ido da na ɗurawa a baki, safe da yamma. Likita ta ƙara da cewa a riƙa ba ta abinci mai ɗumi mai ƙamshi, domin kyanwar da ba ta jin ƙamshi ba ta ci.

Aikin magani ya faɗa a kan Zailani, don Hasana ta ce ita ba za ta iya da farce ba. Kullum sai ya naɗe Delu a tsohon zane, ya ɓamɓare bakinta, ya ɗura. Hannayensa duk suka yi zane-zanen yakushi. Hasana kuwa, da tausayi ya kama ta, ta fara dafa mata romon busasshen kifi, ta ajiye a bakin murhu inda yake da ɗumi, ta goge mata ido da tsumma mai laushi.

Delu ta warke sarai. Amma ranar da Zailani ya dawo daga shago ya yi sallama, ba wanda ya tare shi a zaure. Ya shiga ya tarar da ita a kan cinyar Hasana, ana tsince shinkafa. Da ya miƙa hannu, sai ta zame ta shige ƙarƙashin gado.

"Ke da kika ce gashi ne a miya?" in ji shi.

"To ni na kira ta? Ita ta zo."

Abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda zai iya faɗa. Shi ya tsince ta, shi ya ɗauke ta a babur har Tudun Wada, shi ya sha yakushi, amma wadda ta ɗora tukunya ita ta samu godiya. Ya sayo tsire ya ajiye a gabansa. Delu ta ɗauki tsoka ta kai gindin kujerar Hasana ta ci. Ya fara tsangwamar matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yau gishiri ya yi yawa, gobe shayi ya huce. Ran nan ya ji ta tana yi wa kyanwar hira a madafi da wata murya mai taushi, ya tsaya a bayan ƙofa kamar wanda ya kama ɓarawo, sannan ya juya ya fita bai ci abinci ba.

Da lokacin allurar rigakafin da likita ta ce a koma a yi wa Delu ya zo, sai ya yi dabara. Ya ce aiki ya yi masa yawa, Hasana ta kai ta. A ransa yana cewa bari ita ma ta danne ta a kan tebur, a ga ƙarshen soyayya. Hasana ta shiga mota da kwali, ta dawo da la'asar, Delu tana barci a cikin mayafinta.

"Ba ta yi kuka ba?"

"Ta ɗan yi. Likita ta tambaye ka, na gaya mata halin da ake ciki."

"Wane hali?"

Hasana ta danne dariyarta. "Ta ce ka daina kai mata hannu. Ka zauna a ƙasa, kada ka kalle ta, ka bar ta ta zo da kanta. Kuma ka jefar da zanen nan da kake naɗe ta."

Ya ji kunya ƙwarai da maganarsa ta kai har Tudun Wada, amma ya bi shawarar. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗauko wata rediyo yana kwancewa, ya yi kamar bai san da kowa ba. Sai da aka fara yankan gero kafin Delu ta matso, ta shinshina sukudireba, ta kwanta a gefen tabarmar, inda hannunsa ba zai kai ba. Hasana ta leƙo daga madafi za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa. Ta koma ciki, shi kuma ya ci gaba da kwance rediyon da tun jiya ya gama gyara ta.