Abin da Isyaku Zai Rantse a Kai

Zauren mai unguwa a Jakara bai taɓa cika irin na ranar ba. Sojoji na shirin komawa bariki, zaɓen kansiloli ya matso, kowa a unguwa ya zama ɗan siyasa, har wanda bai san sunan jam'iyyarsa ba.

Luba tana durƙushe a bakin ƙofar shiga gida, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ɗinkin hula take yi, tana kai wa Isyaku rumfarsa a kasuwar Kurmi yana sayarwa. Shi ta kawo ƙara. To amma mace ba ta cika magana a zauren nan ba, kawunta Mailafiya ne bakinta. Ga shi kuma Isyaku takarar kansila yake, Kawu kuwa ɗan a-mutun ɗaya jam'iyyar ne.

"Ranka ya daɗe, janta ya yi cikin rumfa, ya yaga mata riga, ya kayar da ita!" in ji Kawu, har da dukan ƙirji.

Wasu samari da suka taru a waje da gorori suka ɗauki ihu, a fito musu da Isyaku.

Luba ta ɗago kai. Ita ba haka ta gaya wa Kawu ba.

Isyaku ya miƙe zumbur. "Wallahi sharri ne! Liman, a kawo Alƙur'ani, da alwalata."

Luba ta ji murnar da ke cikin muryarsa, nan take ta gane. Zai rantse bai yaga riga ba, kuma gaskiyarsa ce. Daga nan ita ce maƙaryaciya har ta mutu. Idan kuwa samarin suka riga liman isa gare shi, za a fasa masa kai a kan abin da bai yi ba, da sunanta.

"Baba mai unguwa, ba haka aka yi ba," in ji Luba.

"Ke, rufe mana baki!" Kawu ya daka mata tsawa.

Zaure ya ɗauki ƙus-ƙus, wai ta janye, dama an san za a rina. Kunya ta kama ta kamar ta nutse, amma ta ɗaga murya.

"Bai yaga min riga ba, bai kayar da ni ba. Ina miƙa masa huluna ya riƙe min hannu ya ƙi saki, ya kai ɗaya hannun ƙirjina. Ya ce in ina so ya ci gaba da karɓar ɗinkina, in riƙa zuwa bayan kasuwa ta watse. Abin da na gaya wa Kawu ke nan. In zai rantse, ya rantse a kan wannan."

Mai unguwa ya leƙa waje ya ce duk wanda ya ɗaga gora zai kwana a hannun 'yan sanda. Sannan ya juyo.

"Isyaku, babu mai taɓa ka a zaurena. Ka ji abin da ake tuhumarka da shi daga bakin mai shi. Yanzu kai muke saurare."

Liman ya matso da Alƙur'ani. Isyaku ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya. Gumi ya tsatso masa ta ƙarƙashin hula.

"Malam, a ba ni ruwa, ina jin alwalar ta karye."

Aka kawo buta aka ajiye a gabansa. Kowa ya zuba masa ido. Isyaku ya zauna yana kallon butar, bai ɗauka ba.