Kifin Teku Mai Doro da Gidan Sauron Malam

Malam Bahauddeen, malamin kimiyya a wata sakandare a Birnin Kudu, ya dawo gida bakinsa har kunne. Tun bai jingine babur ba ya fara ba matarsa Najiba labari: ƙaton kifin nan na teku mai doro, wanda ya kai tirela girma, da mafarauta suka kusa ƙarar da shi, ya sake yawaita tunda aka hana kashe shi.

"Kin ga mutanen da suka san ciwon kansu! Mu nan ko ƙwan kifi ba ma bari a kogi."

Najiba ta ajiye masa tuwo da miyar ƙananan kifi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ya ci, ya suɗe kwano, yana ta tsine wa maɓarnata. Sai da ya wanke hannu ya tambayi inda aka samo kifi mai daɗi haka.

"Maƙwabcinmu Maikano ne ya aiko, Malam. Da gidan sauron da ka ara masa ya tace kogi."

Malam ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Da ragowar miyar?"